Yadda Za Ka Burge Baffan Budurwarka da Fim Ɗin Gawa a Firji

Ɗan'uwa, kana neman auren Afra'u a Kademi, amma Baffa Kabo, waliyyinta, har yanzu kallon ɗan zaman kashe wando yake yi maka? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin a cire gyaɗa an sa maka rana.

1. Zaɓi fim

Kada ka kai masa na Indiya, ko Hadi abokin takararka zai iya wannan. Ka je wurin masu tura finafinai a kasuwar Ajingi, a sa maka na Turawan nan a waya: ɗan takara ya mutu ana dab da zaɓe, 'ya'yansa suka ɓoye gawar a firji, suka ci gaba da kamfe, kuma ya ci. Masana sun tabbatar surukai na girmama abin da ba su gane ba.

2. Zama tafinta

A zaure, ka jingina wayar da buta, ka durƙusa a gefen tabarma. Duk inda Turancin ya fi ƙarfinka, ka ce, "Baffa, nan gaisawa suke yi."

3. Riga kowa dariya

Fim ɗin habaici ne, sai wayayye ke gane shi. Da babban ɗan ya buɗe firji ya zaro lemo daga gefen ƙafar mamacin, ka ƙyalƙyale. Baffa zai ce, "Inna lillahi! Yaro, ko wanka ba su yi masa ba?" Ka ce, "Ai Baffa, nan daɗin yake."

Kada ka damu da Hadi da ya zo gaisuwa shi ma. Tun farkon fim ya yi barci, baki buɗe. Bagidaje kawai.

4. Kare 'ya'yan mamacin

Baffa zai cire hula, ya share gumi, ya ce, "To kai, a ganinka sun kyauta?" Nan fa za ka baje ilimi. Ka ce, "Baffa, dabara ce. Mutumin ya riga ya tafi, kujera kuwa ba ta jiran kowa." Idan Afra'u ta yi tari daga bayan ƙofa, murna ce, ci gaba abinka. Ka ƙara masa da cewa ko a nan Kademi, in akwai sola, abin zai yiwu.

5. Jira sakamako

Baffa zai dube ka, ya dubi Hadi da ke minshari, ya ce a kira masa ƙannensa. Madalla! Maganar aure ake tara dangi a kanta.

Gargaɗi

Idan ya tara su ya ce, "Ku shaida, ranar da na cika ku binne ni kafin yaron nan ya ji labari. Afra'u kuwa, in tana son mai barcin can, na amince," to babu ruwana, kada ka nemo ni a Gaya. In an gayyace ka ɗaurin auren ka je, amma don Allah ka tsaya nesa da firjin lemo.