Cikin Karen Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a watannina na farko a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Kafanchan, farkon shekarun 1990. Ni mataimaki ne kawai, amma da yake ina saka farar riga kowa Dokta yake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ran nan likitan asibitin ya tafi Gwantu rigakafin shanu, tun safe ni kaɗai nake ɗura wa awaki maganin tsutsa har bayana ya ƙage.

Wajen azahar wani dattijo, Baba Yohanna, ya iso daga Fadan Kaje janye da kare. Ya ce shi ke kore masa birai daga gonar masara, yanzu kuwa ko haushi babu: gashi na zubewa, ciki ya kumbura, nonuwa sun fito, karnukan unguwa kuma sun hana gidan sakat.

Ni kuwa na riga na yi alwala, kuma a gidanmu ba a saba taɓa kare ba (ga gajiya, ga ƙyama, ban san wadda ta fi yawa ba). Sai na tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu, na leƙa karen yana kwance a dunƙule. Na ga nonuwa, na ga ciki, na yanke cewa karya ce, na gyara murya.

"Baba, albishirinka, ciki ne. Nan da wata guda za ka samu 'yan kwikwiyo."

Baba ya daɗe yana kallona. Sai ya sunkuya ya juya karen rigingine a gaban duk mutanen da ke kan benci.

"Dokta, shekara bakwai ina tare da shi. Namiji ne."

Wata mata ta yi dariya har akuyarta ta kuɓuce. Baba bai yi dariya ba, igiyarsa kawai ya ja ya fita, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na san in ya hau mota ba zai dawo ba, karen a gida zai mutu, ni ne sila. Na bi shi har bakin titi, na durƙusa da farar rigata na sa hannu a jikin karen. Ƙwan maraina ɗaya kawai na samu, shi ma ya tsotse, a cikin ciki kuma wani dunƙule mai tauri. Da ƙyar Baba ya yarda ya kwana wurin ɗan'uwansa a gari ya jira likita.

Washegari likitan ya duba, ya yi mini bayani kamar ɗan firamare. Ɗaya ƙwan tun haihuwa bai sauko ba, a ciki ya maƙale. A cikin kowane ƙwai akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu renon maniyyi ne, su ciyar da shi su kare shi har ya nuna. Su ne suka rikiɗe suka zama ƙari, suna ta zuba sinadarin mata a jini, shi ya sa nonuwa suka fito, karnuka maza suke bin sa. Ya ce duk wanda ya taɓa karen minti ɗaya zai gane akwai matsala.

Aka yi fiɗa aka cire, ni na riƙe ƙafafu. Bayan 'yan watanni Baba ya aiko cewa gashi ya dawo, birai sun shiga uku.

Ni kuwa tun ranar sunana ya koma Ungozoma a kasuwa, har a bakin mutanen da ba su san dalili ba. Yanzu duk dabbar da aka kawo sai na taɓa kafin in buɗe baki. Hannu dai da sabulu yake fita, sunan nan kuwa har na yi ritaya ina amsa shi.