Ranar Da Mai Ƙosai Ta Zama Jandarma

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara zama a taron karatun Yaya Halima ba, kuma ko na so in manta, matan unguwar Birni ba za su bar ni ba.

Yaya Halima yayar mijina ce, tsohuwar direktiris ta lakwal, wato shugabar makarantar boko, irin matan nan da in suka kalle ki ta saman tabarau sai ki fara tunanin laifin da kika yi. Duk Asabar bayan la'asar mata kan taru a tsakar gidanta, a dafa shayi, a ajiye faifan dabinon da ake kawo mata daga Gidimuni, a hau gardama kan littafin da aka karanta a makon. Daga gidanmu nake jiyo dariyarsu, raina yana biyawa. Amma shiga taron ba wasa ba ne. Al'adarsu ita ce, baƙuwa ce ke buɗe taro da ra'ayinta. In ta gama Yaya ta ce, "Asabar mai zuwa ki zo da tabarmarki," to ta shiga. In kuwa ta ce, "Mun gode, a gaida gida," shi ke nan, sai dai ta ci gaba da jin dariya ta katanga.

Ni kuwa ina son tabarmar nan kamar me. Tun da aka kawo ni Birni, Yaya ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "amarya", alhali har na yi goyo na yaye. So nake ta san cewa matar ƙaninta tana da kai. (A lokacin nan, Allah ya gafarta mini, ina ji da kaina sosai. Na yi lise, wato babbar sakandare, na ci maki mai kyau a sharhin adabi, kuma na yi imani ko takardar ƙunshin gyaɗa aka ba ni zan tono mata ma'ana.)

Maƙwabciyata Falmata, wadda ta daɗe a taron, ita ta nema mini izini, ita ta kuma kawo mini littattafai biyu: na makon da na mako mai zuwa. Littattafan nan, wata 'yar kasuwa Hajiya Rabi ke zuwa da su daga Kano, a cikin dilar atamfofin da take kawowa kasuwa, sannan su yi ta yawo hannu zuwa hannu. Kafin su iso wajena zafin Damagaram ya busar da gam ɗinsu, bango ya tafi, kowanne ya rabe gida-gida.

"Ki kai wa Kawu Manzo ya ɗinke su," in ji Falmata. "Wanda ya fara da mai ƙosai shi ne naki. Ɗayan ki aika wa Yaya Halima, tana jiran sa."

Na zuba su a leda ɗaya (ku lura da wannan, leda ɗaya), na hau kabu-kabu ya yi ta jijjiga ni a cikin yashi har rumfar dukawa. Kawu Manzo ƙanin mahaifiyata ne, baduku, ya fi sabawa da jaka da kube da takalmi. Ya zazzage takardun a kan fata ya dube su.

"'Yata, yaya suke bi? Ni karatuna na ajami ne."

"Kawu, ai ba wuya. Lambar shafi kawai za ka bi," na ce masa, har da ɗaga hanci. Ban tsaya na ware masa komai ba, ina sauri zan je kitso.

Ya bi lamba kuwa, tsaf. Ya yi musu bangon jar fata mai ƙamshi, da ado na kore a gefe. Na riƙe mai ƙosai, na aika wa Yaya ɗayan.

Labarin wata Zulai ne, yarinya mai kunya da ke suyar ƙosai a bakin tasha, da wani bakanike Habu da yake son ta amma ya kasa faɗa. Kullum sai ya zo ya sayi ƙosai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ina ta karatu cikin jin daɗi har tsakiyar littafi, inda Habu ya ce gobe zai gaya mata wata magana. Na juya shafi, sai ga Zulai cikin kaki, da bindiga a ƙugu, tana ba wasu ƙarti umarni su kewaye wani gareji na ɓarayin motoci.

Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, kai, akwai matsala. Ni kuwa tafi na yi. Na ce, Allahu Akbar, ashe duk suyar nan ɓad-da-kama ce! Ashe jandarma ce take leƙen asiri a tasha! Habu bai sake fitowa ba ko a layi ɗaya, ni kuma na fassara wannan da cewa marubuciyar ta nuna mana zafin rabuwa ne ta hanyar shiru. Wallahi har hawaye na yi wa Habu. Na tare mijina yana cin tuwo na yi masa sharhi, ya ce, "To, madalla," ya ƙara miya.

Ranar Asabar na ci ado da leshin da na yi fitar suna da shi. Tsakar gidan ya cika, har Hajiya Rabi tana nan, ta zo da kaya daga Kano. Yaya ta gyara tabarau ta ce, "Amarya, bismilla."

Farkon ya tafi daidai. Na yabi yadda aka zana tashar, har kana jin ƙaurin mai. Mata suna gyaɗa kai.

"Ni dai Habun nan ya ba ni haushi," in ji Falmata. "Namiji har namiji, sai sosa ƙeya."

"Ke dai bari," in ji Hajiya Rabi. "Irin su ne ke riƙe aure. Masu zaƙin bakin nan me suka tsinana?"

Aka yi dariya, wata ta ce ita uwar Zulai ce ta fi burge ta, wata ta ce littafin ya cika ja kamar danƙo. Na ga taro ya yi daɗi, har Yaya ta ɗan murmusa. Sai na gyara zama, na rage murya, na shigo da babbar maganata.

"Amma ni, Yaya, inda marubuciyar nan ta nuna ta fi ƙarfin sa'o'inta shi ne ranar da Zulai ta sa kaki."

Tsakar gida ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka shirun burgewa ne, sai na ƙara wuta. Na bayyana musu yadda matankaɗin ƙosai yake alamta tarkon da take ɗana wa ɓarayi. Na ce tun shafin farko an ba mu alama, don duk motar da ta shigo tasha sai Zulai ta kalle ta. Na ce ɓatan Habu darasi ne, cewa mace in ta tashi aikin ƙasa ba ta waiwaye. Har na miƙe tsaye na kwatanta yadda ta doki ƙofar gareji da ƙafa. (E, da leshi. E, a gaban yayar mijina.) Na rufe da cewa ba kowane mai karatu ne zai gane wannan zurfin ba, sai wanda ya saba.

Falmata ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa. Hajiya Rabi ta ajiye kofin shayi a hankali.

"Ke 'yar nan, tsaya tukuna. Wace Zulai ce ta doki ƙofa?"

"Zulai mai ƙosai mana, Hajiya."

"Mai ƙosai ai Habu ta aura, suka buɗe shago. Mai kakin nan Zulai ce ta littafin mako mai zuwa. Miƙo nan in gani."

Ta buɗe tsakiya, ta ɗaga wa jama'a. Shafin hagu fari, na dama ya ɗan yi ja, rubutun ma ba girma ɗaya ba. Lambobi dai sun bi juna sarai, kamar yadda na umarci Kawu. Rabin littafi ɗaya aka ɗinke da rabin wani, ni kuma na zauna na yi masa tafsiri.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin jiki ne. Falmata ta kwanta a kan tabarma tana dukan ƙasa. Wata ta shaƙe da dabino sai da aka bubbuga mata baya. Hajiya Rabi tana share hawaye tana cewa, "Matankaɗi tarko! Wayyo cikina!" Ni ina tsaye, ƙafata ɗaya ba ta gama sauka daga dukan ƙofa ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji da ma ƙasa ta tsage. Na fara laluben takalmina da ido, ina jiran "a gaida gida".

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Yaya Halima ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da ɗaya littafin mai jan bango. Ta zauna, ta buɗe tsakiyarsa, ta daɗe tana kallo.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Tun shekaranjiya nake tambayar kaina abin da zai sa jandarma mai galo a kafaɗa ta ajiye aiki ana tsakiyar kama ɓarayi, ta kama suyar ƙosai, ta auri wani Habu da ban san daga inda ya faɗo ba."

"To Yaya, me kika yanke?" in ji Falmata, da ƙyar.

Yaya ta cire tabarau. "Na yanke cewa marubuciyar tana koya mana ƙanƙan da kai ne. Har na shirya muku jawabi."

Wannan karon har maƙwabta sai da suka leƙo. Yaya kanta ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, abin da aka ce ba a taɓa gani ba tun tana direktiris. Aka ƙara dafa shayi, aka koma gardama sabuwa fil: wace Zulai ce ta fi, tawa ko ta Yaya? Mata da yawa suka bi bayan tawa. Hajiya Rabi ta rantse da za a buga shi haka a Kano da ya fi na ainihin kasuwa. Aka hana a warware ɗinkin, har yau littattafan biyu suna yawo a Birni yadda Kawu ya haɗa su.

Da aka kira magariba na sulale zan fita, ina bin jikin bango. Sai na ji muryar Yaya a bayana.

"Komanda!"

Na waiwaya, don na san ba wata ake nufi ba.

"Asabar mai zuwa ki zo da tabarmarki. Ki shimfiɗa ta kusa da tawa, mu masu zurfin fahimta gara mu zauna waje ɗaya."

Daga ranar "amarya" ta mutu, Komanda ta maye gurbinta, har 'ya'yana wani lokaci haka suke kirana. Abin da na koya kuwa shi ne, in abu ya ɗaure mini kai a littafi, kafin in ce hikimar marubuci ce, sai na fara duba ɗinki.