Motar Kaka Ta Kamu da Haki

"Ya kwanan sanyi kuma? Ko da yake me zan tambaya, ga ka nan an naɗe ka cikin bargo kamar jinjiri."

"Sanyi lokacinsa ne. Tun kina bakin ƙofa na ji warin baƙin mai, na ce amaryata ta iso. Matan mutane turare, tawa dizal."

Kaka yana zaune a kujerar roba a gindin rumfar mota, hularsa ta rufe kunnuwa. Wadda ta shigo da jakar sifanu jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, mai aikin kanikanci a wani gareji a cikin gari. Shi ya kira ta tun da sassafe, domin magana ta zo wuya. Tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda da ita ya yi dako har ya ciyar da gidan nan kaf, ta ɗauko wani hali tunda sanyi ya kama. In an tayar da ita da safe sai injin ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai, ba a taɓa totur ba. Ɗan nasa, uban yarinyar, ya ce inji ya gama aiki, kuma yau da hantsi zai zo da mai saye. Kaka kuwa ko a jikinsa, ya rantse motarsa lafiyarta lau, sai ta binne duk masu yi mata baki.

"To angona, me ke damun sa'arka?"

"Sa'ata? Motar nan ta fi ki ƙuruciya, ta fi ki kyan fuska, kuma ita in na yi magana tana saurare."

"An ce ku biyu kuke tari da asuba, har maƙwabta ba sa gane na wane ne."

"Maƙwabta hassada suke yi. Tayar da ita ki ji, in kanikancin naki ba na hoto ba ne."

Ta murza makulli. Injin ya kama, ya yi gurnani kamar zai tashi sama, ya lafa har Kaka ya ɗago daga kujera, sannan ya sake hawa. Ta tsaya da hannu a kan bonet tana saurare. Shi kuma ya shiga ba ta darasi, ya ce famfon mai ne, shi da ya yi tuƙi tun ubanta yana rarrafe ba sai an gaya masa ba. Ta tambaye shi ko hakin yana tafiya in mota ta yi zafi. Ya ce da rana garau take, kamar agogo. Ta ce to famfon da ya lalace ba ya warkewa da hantsi.

"Kai ma haka kake, da safe kamar a kira dangi, da rana kuma ka fi kowa cin abinci."

"Ki dai yi aikin da na aure ki dominsa."

"Da wane sadakin? Haƙoran ma da za ka yi min murmushi da su ka sayar."

"Ajiye su na yi. Ba na ɓata su a kan mace mai baƙin farce."

Ta kwance ƙasan filtar mai ta tara gwangwani, ruwan da ya fito bai kai cokali ba. Ta ce ba shi ne ba. Sai ta zaro wani tiyo mai haske daga jaka, irin wanda ake ganin abin da ke bi ta ciki, ta haɗa shi tsakanin filta da famfo, ta sake tayarwa. Kaka ya taso da bargonsa ya leƙa. Ga dizal yana wucewa, ga 'yan kumfa suna bin juna a jere. Duk sanda suka yi yawa sai injin ya lafa, in sun wuce ya zabura. Ta ce iska yake sha tare da mai, kuma daga wani wuri take shiga.

Ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashin mota, tana bin tiyon mai daga filta zuwa tanki. Can sai Kaka ya ji dariya tana fitowa daga ƙasa, nan take ya tuna abin da ya yi a wurin.

"Angona, wa ya ɗaure mahaɗar nan da robar taya?"

"Kamfani."

"Kamfani ne ya yi ƙullin 'yan dako, har da ɗan jelar da kake bari a gefe?"

Ba wanda bai san ƙullin Kaka ba a gidan. Famfon wanka, ƙafar kujera, marfin rediyo, har hannun tabarau ɗinsa, duk robar taya ce ke riƙe da su, kuma ya sha faɗa cewa da za a ba shi roba isasshiya da ya ɗaure duniya ta daina lalacewa. Jikar ta fito tana karkaɗe riga, ta ce da zafi robar tana kamawa, amma sanyi ya sandarar da ita ta saki, shi ne famfo ke zuƙo iska ta wajen. Ta tambayi ina kilif ɗin ƙarfen da ke wurin. Ya ce ya tsufa, ya yi masa ritaya.

Ta ɗauko sabo ta miƙa masa tare da sukundireba, ta ce tunda shi ne gwani ya sassauta shi ta je ta sa. Kaka ya karɓa da ƙarfin hali. Bakin sukundireban ya ƙi zama a kan ƙusar. Ya sake gwadawa, hannun yana rawa, ƙarfen ya zame ya faɗi. Abin da ya faru ke nan ranar da ya ɗaura robar, ba kowa a wurin. Yau kuwa a gaban yarinyar ne, kunya ta rufe shi, da wani tsoro da bai saba ji ba.

Ta sunkuya ta ɗauka, ta koma ƙarƙashin mota. Rashin tsokanar nan ya fi masa duk wani zagi ciwo.

"Ke, tsokane ni mana. Mutuwa na yi?"

"Ina zuwa, tsoho mai hannun kaɗa kunu. Bari in gama da babbar matarka tukuna."

Sai a nan ya sauke numfashi. Ta ɗaure kilif, ta mayar da tiyo, ta yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har iskar ta fita. Da ta murza makulli injin ya kama, ya zauna daram a murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Kaka ya buga bonet da tafin hannu, ya ce ai dama ya faɗa, lafiyarta lau.

Ana haka suka ji hon ɗin motar ɗansa a waje. Ta goge hannu, ta ce za ta gaya wa Baba gaskiya, inji garau yake, mai saye ya koma gida da kuɗinsa.

"Amma in ya tambaye ni direban fa, me zan ce masa?"

Kaka ya dubi hannuwansa, ya dubi motar. Sai ya fashe da dariya, ya zare makulli ya danƙa mata a tafin hannu.

"Ki ce masa na yi sabuwar direba, mummuna amma ta iya aiki. Ni mai mota ne, a gefe zan zauna ina ba da umarni. Buɗe min ƙofa."