Rasuwar Dattijuwa, Ƙwaƙwalwar da Farfesa Ya Yanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, ɗalibar digiri na uku ta ɗakin binciken da ke ƙarshen baranda tana sanar da rasuwar Dattijuwa, ƙwaƙwalwar kwaikwayo da ta raina shekara huɗu a cikin kwamfutar ƙarƙashin tebur. Ta rasu ranar Litinin, saura kwana tara a gabatar da ita gaban masu jarrabawa.

An gina marigayiya don ta kwaikwayi sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda ke sa mutum ya tsara abu, ya jira, ya kama kansa. Ta kuwa koya. A ba ta katuna ta ware bisa launi, a sauya doka a ɓoye, kuskure biyu ta gane, ta koma warewa bisa siffa. Ba ta taɓa katse wa kowa magana ba. Iyakarta fankar kwamfutar ta ce fuuu, in ta gama ta ce ƙit.

Ajalinta ya zo tare da wasu baƙi da suka zo ganin aikinta. Ƙa'idar aikin ita ce a kwafe ta, a kashe wasu jijiyoyi a jikin kwafin, a ga yadda mai rauni a goshi yake yi. Farfesa, mai littafi sukutum kan haƙuri da hangen nesa, ya ce, "Wane kwafi kuma? Baƙi na tsaye, sai mu jira minti ashirin?" Ya yanka ta asali, ya adana a haka. Baƙi suka tafa.

Tun daga nan duk katin da aka nuna mata, ja take cewa. Shuɗi ja, kore ja, kwana uku ba sauyi. Ɗalibar ta zare wayar wuta da hannunta, ta yi kuka.

Ta rasu ta bar Farfesa, wanda ya ce sakamakon ya ba shi sha'awa ƙwarai, da injiniyan sashe, wanda tun bara yake kan hanyar kawo ma'ajiyar kwafi. Ta bar kuma ɗalibar, wadda ta rubuta "a ajiye kwafi" a allo, ta goge don ta zana ƙwaƙwalwa. Wannan ba ta yafe wa kanta ba.

Za a yi jana'iza Laraba ta sama, ƙarfe goma na safe, a ɗakin jarrabawa, inda ɗalibar za ta tsaya ita kaɗai ta nuna wa mutum biyar gawa. Farfesa na cikinsu, shi ne zai fara tambaya.