Ranar da Na Ba Inji Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da wannan tafiya ba, ko na so in manta ma mutanen Haɗeja ba za su bar ni ba. A zamanin Turawa ne, lokacin da maigidana Alhaji Bukar, mai fataucin banda da shinkafa, ya sayo jirgin ruwa mai inji. Ni ya damƙa wa kula da injin, don na ɗan zauna da wani makaniki a Kano (gaskiya sifana kawai nake miƙa masa, amma ban gaya wa kowa haka ba). Nan da nan gari ya laƙaba min Injiniya, ni kuma kaina ya kumbura.

Aikin ba wuya. Famfon mai, ka riƙa ɗiga masa baƙin mai. Famfon ruwa kuwa, wanda ke zuƙo ruwan kogi ya sanyaya inji, yana da ɗan kofi a kansa da ake cikawa da giris, ana tafiya kana murza shi kaɗan-kaɗan. Alhaji ya miƙo min giris gwangwani guda ya ce, "Riƙe shi da kyau, sai Kano ake samunsa."

Wata rana Limamin unguwarmu ya iske ni a bakin kogi, yana kukan faso ya hana shi taka ƙasa. Don neman albarka na lakato masa giris ɗin. Bayan ƴan kwanaki ya dawo yana shi min albarka, wai faso ya rufe. Shi ke nan! Labari ya bazu cewa Injiniya na da maganin Turawa. Dattawa suka yi ta zuwa, tsofaffin mata na aiko da murfin kwano. Ni kuma, maimakon in ce babu, sai na koma likita, har da ƙa'ida: "A shafa safe da yamma, kada a taka ruwa." (A garin da kowa cikin ruwa yake wuni!)

Da damina ta yi nisa ruwa ya shafe hanya, sai ga ɗaurin auren ɗan Alhaji a wani ƙauye wajen Kirikasamma, bayan azahar. Alhaji ya riga ya aika wa surukansa cewa da ƙarar inji za su ji isowarsa. Da safe na buɗe gwangwani, na ga wayam. Na ruga gida na kwashe man shanun da ke ƙwaryar innata, na danna a kofin famfo, ina ce wa kaina ai duk maiƙo ne.

Muka tashi, jirgi cike da dattawa cikin manyan riguna. Da farko lafiya lau, har ina ɗaga wa masunta hannu. Muna tsakiyar fadama sai Ya Falmata, yayar Alhaji, ta ɗaga hanci.

"Wai wa ke soya man shanu a tsakiyar ruwa?"

Liman ya ce, "Ni ma na ji, har yunwa ta taso min."

Na leƙa gefen jirgi, ruwan da famfo ke fitarwa ya ɗauke. Man ya narke yana ɗiga a jikin inji yana soyuwa, famfo na ta ƙara. Kafin in kai hannu inji ya yi tari, ya turnuƙe mu da hayaƙi, ya mutu.

Alhaji ya tako da kansa, ya kwance kofin, ya dangwala yatsa, ya sunsuna, ya lasa.

"Injiniya, tuwo za mu ci ne? Ina giris ɗin da na ba ka?"

Na juya wajen Liman, ina jiran ya ce wani abu. Bawan Allah sai ya ja riga ya rufe ƙafafunsa, ya zaro carbi. Na dubi sauran dattawan, kowa na tura ƙafa ƙarƙashin riga yana kallon tsuntsaye. Har Ya Falmata ta gyara zani! Wallahi wannan ya fi mutuwar injin ƙona min rai. Mutanen da suka shafe gwangwani guda a dugadugansu, ko ɗaya bai buɗe baki ba.

Alhaji ya ce, "To, sauka ka zama injin."

Haka na faɗa ruwa iya ƙirji ina tura jirgi, inda ya yi zurfi masunta su ja mu da igiya. Sai bayan la'asar sakaliya muka isa. Ƙauye duka ya fito bakin ruwa jiran jirgi mai inji, suka ga jirgin, suka ga ni a bayansa da kainuwa a ka. An ɗaura aure, amma Alhaji bai iya haɗa ido da surukansa ba.

Muna komawa ya karɓe sifanunsa, ya ɗauko wani daga Nguru. Tun daga ranar, in na ji ana yaba min kyauta, sai in tsaya in duba ko kayan wa nake rabawa.