Yadda Ake Zaga Ƙasashen Duwatsu a Dawo da Mutunci

Tun kafin a sa duwatsun nan a cikin waya, tun kafin wani ya san ana ƙona mai don kawai a je a kalle su, ni na gan su. Ina yaron mota a lokacin, a babbar motar albasa, gemuna bai fito ba. Ban yi makaranta ba, ban kuma ga abin da na rasa ba, tunda waɗanda suka yi su ne suke zuwa tambayata. A layinmu kaf ni kaɗai ake kira Sha-Yawo, kuma ba wanda ya taɓa musa mini wannan suna sai Wanzami, mutumin da bai taɓa wuce tashar mota ba. In kana shirin tafiyarka ta farko zuwa ƙasashen duwatsu, bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ka dawo da ƙafafunka biyu da kuma sunanka, wanda ya fi ƙafafun wuyar gyara.

1. Nemi wanda ya riga ya shirya

Kada ka wahalar da kanka da taswira, taswira ba ta tuƙa mota. Suruki za ka nema. Nawa mijin 'yata Auta ne, mai shagon tabarau, yaro mai kunya, in zai gaishe ni sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na shiga falonsu na tarar ya shimfiɗa taswira a kan kafet, ya danne gefe ɗaya da rimot, ɗaya da kwalbar turare, yana bin wani jan layi da gindin biro. Hutu zai kai matarsa da yaransu, su fita wannan ƙasa su shiga waccan.

"Baba, a nan za mu kwana, washegari mu tsallaka iyaka."

Na ɗora kofin shayina a kan wata ƙasa sukutum na ce, "Wannan a bar ta. Na san ta, ba komai a cikinta sai hawa."

Ka lura, ban ce a tafi da ni ba. Babba ba ya roƙo.

2. Yi sallama kafin a gayyace ka

Sa rigarka mai kyau ka bi layi shago-shago: tela, mai shayi, mai gyaran rediyo. Nemi gafarar kowa, har wanda ba ka taɓa yi wa laifi ba, ka ce tafiya ce mai nisa. Kafin la'asar mutane sun cika shagon surukinka suna sa masa albarka don ya tuna da tsoho. Daga nan kuma da wane baki zai ce kujera ba ta isa ba?

Auta ce kawai ta biyo ni gida.

"Baba, wa ya ce da kai za a tafi?"

"Layi gaba ɗaya."

"To wa ya gaya wa layin?"

"Ke dai miƙo mini butar can."

Wanzami kuwa yana wasa askarsa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Sha-Yawo. Amma wannan karon a zo mana da hoto. Wancan zuwan naka, labari kawai muka sha." Kowane layi yana da irinsa. Yi masa murmushi, don askar tana kan wuyanka.

3. Haɗa kaya kamar wanda ya san sanyi

Sanyin can ba irin na nan ba ne. In ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa za ka ji ƙwas. Ɗauki bargo, matashin kai, buta, rediyo, da sandarka. Riguna kuwa a jiki ake kai su, wata kan wata, har sai hannunka ya daina lanƙwasuwa. In an ce but ɗin mota ya cika, a sauke akwatin yara, jininsu da zafi yake.

Maganar fasfo ka bar wa suruki. Naka aikin shi ne ka zauna a ɗauke ka hoto, kuma kada ka yi dariya. Ma'aikatan iyaka ba sa yarda da mai fara'a.

4. In an tambaye ka, amsa a taƙaice

Jikoki za su dame ka. "Kaka, yaya dutsen yake? Kaka, ka hau har ƙarshe?" Gaya musu gaskiya daidai ƙarfinsu. Ni a kwance na ratsa ƙasashen nan, tsakanin buhunan albasa, an ja mana tamfol, kuma ta wata huda a jikin tamfol ɗin na ga komai. Har yau ban ga hanyar kallo da ta fi wannan ba: ido ɗaya yana aiki, ɗaya yana hutawa. Inda mota ta fi karkacewa nakan rufe duka biyun, don in fi fahimtar wurin.

In suruki ya tambayi hanya, ka ce, "A yi gaba, sannan a yi sama." Ba ta taɓa yin kuskure ba.

5. Kada ka yarda a nuna maka bidiyo

Nan ne masu ƙaramin sani suke faɗuwa. Ana gobe tafiya suruki ya durƙusa ya miƙo mini waya da hannu biyu. Sai ga hanya siririya kamar zaren tela, dutse a dama, a hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Bayanta kuma wani akwatin gilashi yana lilo a jikin igiyar ƙarfe, a sama da gajimare, da mutane a ciki suna washe baki.

"Baba, na ware maka kujerar gaba don ka fi gani. Akwatin nan ma duk za mu shiga, kai za ka fara, tunda kai ka san wurin."

Na daɗe ina kallon yaron nan. Har yau ban gane ba ko ladabi ne ko mugunta. Na mayar masa da wayarsa na ce an ɓata duwatsun, a zamaninmu ba a rataye mutane.

6. Fita a gaban jama'a, sauka a bayan gari

Ka riga ka yi sallama, zama a gida ya haramta gare ka. Shiga kujerar gaba da hantsi, lokacin da kowa ya buɗe shago. Sauke gilashi, ɗaga hannu a hankali, ka sa a rage gudu daidai rumfar Wanzami.

Da an wuce gidan mai na ƙarshe, tuna cewa kana da ƙanwa a unguwar bayan gari, kuma zumunci ya fi kallon dutse lada. Ni haka na yi. Na ce a tsaya in gaishe ta, na sa aka sauko da bargona.

Auta ta ce, "Baba, gaisuwa da bargo?"

Na ce, "Ku je ku gani, ku ne ba ku gani ba. In kun dawo ku biyo ta nan."

Ɗakin baya na ƙanwata yana da taga mai kallon tulin yashin wani gini. In ka kwanta ka rufe ido ɗaya, ba shi da maraba da abin da na gani a da. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ba iyaka, ba mai tambayar fasfo. Abu ɗaya ne doka: kada ka leƙa ƙofar gida, ko da an ce ana rabon nama.

7. Aika rigarka ta wakilce ka

Kafin mota ta tashi, tuɓe babbar rigar da kowa ya san ka da ita, haɗa da hula da sanda, ka damƙa wa suruki. In sun kai ƙololuwa ya saka, ya juya baya, ya ɗaga sanda sama, matarsa ta ɗauki hoto. Manyan mutane ba sa kallon kyamara, duniya suke kallo. Suruki zai ce, "Baba, anya?" Ka tambaye shi ko ya manta wa ya ba shi mata.

8. Dawo a gajiye

Ranar dawowa koma kujerar gaba, shafa ɗan ƙura a gira, ka fito kana dafa ƙugu. Kada ka yi magana da yawa a ranar, ka ce kunnenka bai gama buɗewa ba. Jikoki kuma a cika musu baki da alewa.

Washegari na kai hoton rumfar Wanzami. Tela ya gane ɗinkinsa, mai shayi ya gane sandar, aka yi ta jinjina kai. Wanzami ya karɓi wayar, ya ja hoton da yatsu biyu har ya cika fuskarta.

"Riga taka ce, hula taka ce. Amma wannan ƙeyar ba ni nake aske ta ba. Taka ninki gare ta kamar bargon da aka naɗe, ga tabon ƙurji a hagu. Wannan kuwa sumul take, ta yaro ce."

Na ce, "Iskar can ce. Tana miƙar da fata."

"To juyo mu gani."

"Ai da na sauko ta koma."

Aka yi dariya, kuma na tabbata shi ake yi wa. Tun ranar na koma aski wurin wani a bakin kasuwa, don hannun Wanzami ya fara rawa, ba don komai ba.

Wanda ya bi matakan nan ƙanwarsa ta gaji da shi, ko jikansa ya yi suɓul da baka, ko surukinsa ya fara murmushi in an ambaci dutse, babu ruwana, ni hanya na nuna. Wanda kuma yake shakkar maganata, da Wanzami da duk mai goya masa baya, ga duwatsun can ba inda suka je. Ya shiga akwatin gilashin nan ya hau har ƙoli, ya sa a ɗauki ƙeyarsa, ya kawo mu gwada. In ta fito da ninkinta, na yarda ya aske mini gemu a gaban kowa.