Sunan da Na Aro wa Ɗana na Fari

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni. Lokacin jirgin ƙasa bai jima da fara shigowa Zariya ba, Tudun Wada kuma 'yan gidaje ne da fili, ni kuwa ina akawu a wani kamfanin sayen auduga, ina kuma yi wa Baturenmu tafinta. In ka gan ni da farin wando da fensir a bayan kunne, sai ka rantse da ni aka yi shawarar shimfiɗa layin dogo.

Sunan Baturen Gozad. Mutumin kirki ne, ba ya tsawa, kuma yana son hira fiye da aiki. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne sunan nasa. Na lura sunayen Turawa suna maimaituwa kamar namu: Simit akwai a tasha, akwai a bariki, akwai a asibiti. Gozad kuwa ban taɓa jin na biyu ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ko a ƙasarsu ba su da yawa, mutum zai iya shekara yana yawo bai gamu da ko ɗaya ba. Nan na tsaya da tambaya, sauran na ƙarasa da kaina. Audu da Garba ai ko'ina akwai su, amma Galadima ɗaya ne a gari. Ashe ke nan Gozad sunan gidan sarauta ne. (Ban nemi tabbaci wurin kowa ba. Wa zan tambaya, alhali ni ake tambaya?) Kafin wata ya ƙare, duk Tudun Wada har Tudun Jukun an ji daga bakina cewa ɗan sarki nake wa aiki.

Mu Kirista ne, mahaifina Malam Dauda yana cikin tsofaffin farko da suka karɓi addinin, amma bai saki al'adar gida ba: jika namiji na fari, sunan kakansa yake ci. Bai taɓa furta mini ba, don ba a furtawa. Sai dai tun da cikin matata Saratu ya fito, ya sayo ɗan rago ya ɗaure bayan ɗakinsa, yana ba shi dusa da harawa da hannunsa. Kowa a gidan ya san ragon takwara ne, har ni.

To, a daidai lokacin ne babban akawunmu ya yi shirin barin aiki, ni kuma idona na kan kujerarsa. Na ce a raina, wane Bature ne za a yi wa takwara ya manta da uban yaron? Ana gobe suna na sami Baba a zaure na gaya masa sunan Baturen zan sa wa yaron, a tsaye ma, ban ko tsuguna ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "To. Ai ɗanka ne." Ragon kuma bai hana ba.

Da safe ƙofar gida ta cika. Na aro kujera don Bature, ya zauna yana fifita da hularsa. Malam Yohanna, kawun Saratu kuma malamin makarantar mishan (ya fi ni jin Turanci nesa ba kusa ba, abin da ban taɓa yarda da shi a fili ba), shi ya yi addu'a ya faɗi sunan yaro: Gozad. Jama'a suka dubi juna, sannan aka ce amin. Bature ya yi jawur, ya raɗa mini cewa ai wannan sunan zuri'arsu ne, nasa na yanka daban. Wannan ban fassara wa kowa ba.

Da an tashi a nan, da na tsira. Sai Baba ya gyara zama ya dube ni.

"Ɗan tambayar mini baƙon namu," in ji shi, "mene ne asalin sunan nan? In yaro ya girma ya tambaye ni, in san abin da zan gaya masa."

Na tambaya da ƙarfi, har ina juyawa don jama'a su shaida. Bature ya yi murna kamar an ba shi kyauta. Ya miƙe tsaye ya fara bayani, ni kuma tun jimlar farko na san na shiga uku.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce… kakanninsa masu garke ne."

"Madalla. Garken shanu ko na dawaki?"

Na buɗe baki zan ce dawaki, sai Malam Yohanna ya yi gyaran murya. Kallona kawai ya yi. Bature kuwa da ya ga fassarar ta yi gajarta, sai ya ɗauka mun rasa sunan abin da suke kiwon ne, ya ce bari ya taimaka. Ya ajiye hula. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya lanƙwasa shi ya zama dogon wuya, ya turo ƙirji, ya soma tafiya yana rangaji a tsakiyar taro, yana wani kuka ta hanci. Daga bayan zana, inda mata suke leƙe, muryar Gwaggona ta tashi:

"La ila! Agwagwa!"

Daga nan babu sauran ɓoyo. Ni ne tafinta, da bakina na faɗa wa mutanen da na yi wa alfahari cewa ma'anar sunan ɗana ita ce makiyayin agwagi, wasu manya masu dogon wuya. Da bakina na faɗa cewa agwagin ma ba nasu ba ne, kiwon haya suke yi. Na fassara yadda suke kora su a ƙasa zuwa kasuwar babban birninsu, da yadda suke bi da su ta cikin kwalta da yashi kafin tafiya don ƙafafunsu su yi tauri. ("Takalmi ake yi wa agwagwa?" wani ya tambaya, dole na ce i.) Na fassara cewa ƙarancin sunan ba na sarauta ba ne, 'yan ƙauyuka ne kawai suka riƙe shi. Ya rufe da cewa yau yana farin ciki, don 'yan kaɗan ɗin nan sun sami ƙarin ɗaya a Zariya.

Wani tela maƙwabcinmu ya ce, "Allah Ya raya Yarima!" Dariyar da aka danne ta fashe, har da masu riƙe ciki. Bature ma ya taya su, bai san da ni ake ba. Na yi fatan ƙasa ta tsage.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Kiwo ai sana'a ce. Allah Ya yi masa albarka." Ya tashi ya tafi wurin masu fiɗar ragonsa.

Kujerar babban akawu wani aka kawo daga Lokoja ya hau. Bature ya koma ƙasarsu bayan damina, ya bar wa takwaransa cokali. Unguwa ta laƙaba wa yaron Na'agwagi, har ya yi gemu bai rabu da shi ba. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Baba. Bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma shi kaɗai ne yake kiran yaron da sunansa sosai, yana lallaɓa harafin da harshensa bai saba da shi ba. Na yi ta cewa a raina zan gyara a haihuwa ta gaba, sai 'ya'ya mata suka yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya. Da Allah Ya sake ba ni namiji na sa masa Dauda, amma a lokacin Baba ya kwana biyu a kabari.

Shi ya sa yanzu in saurayi ya zo mini da wani sunan waje mai daɗin ji yana neman shawara, nakan ce ya binciki ma'anar tun kafin a gayyaci jama'a. Sannan in tambaye shi ko tsohonsa yana da rai. In ya ce i, sai in ce ya yi sauri.